Shekarar da Na Dafa Katakon Ɗakin Matata

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya yi mana na shuka ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, ni ɗin nan da furfurata na koma mai goge ƙasa. Ku yi haƙuri da rubutuna. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, malamin ya riga ni gajiya.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Sabon Birni. Babban ɗana da ke aiki a Sakkwato shi ya gina mana gida a Isa, ya ce mu matso kusa da asibiti tunda shekaru sun ja. Gidan ko'ina tayil ne, fari fat, mai sheƙi, har ka ga fuskarka a ciki, abin da ni ban taɓa roƙon gani ba. Ɗaki guda kawai ya sa aka shimfiɗa wa katako, ɗakin mahaifiyarsa, saboda tana fama da sanyin ƙashi, tayil kuwa ko da bazara in ka taka shi da safe sai ka ji shi har cikin haƙori.

Matata mace ce da ba ta iya kallon datti ta yi shiru. A ƙauye daɓe gare mu, in ta share shi ke nan, ƙasa ta koma wajen 'yar uwarta. Amma tayil ɗan tsegumi ne, duk inda ka taka sai ya faɗa. Ƙafata kuwa ta manomi ce. Kullum tana biye da ni da bokiti da tsumma tana mita.

To a wannan shekara ruwa ya yi wuya ƙwarai. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, ka zura guga ta dawo maka da laka. 'Yan garuwa sai wanda suka ga dama suke kai wa. Sai ta fara dabara irin ta mata, in ta yi wanki ba ta zubar da ruwan, da shi take goge tayil. Ruwan sabulu a kan tayil. Wata rana da hantsi ina zaure na ji wani abu ya faɗi tim, kamar an sauke buhu. Ba ta yi ihu ba. Na shiga na same ta kwance a tsakiyar falo, tsumma na hannunta, tana salati a hankali.

A asibiti suka ce ƙashin kwatangwalo ya tsage, bai rabu ba, zai haɗe. Amma likitan ya ja ni gefe ya ce a shekarunta in ta sake faɗuwa, da wuya ta ƙara takawa.

Ɗana ya zo. Bayan an sallamo ta ya same ni a zaure, ya zauna ƙasa, kansa a sunkuye, ya ce yana son ya tafi da ita Sakkwato ta zauna wurinsu. Ya ce ni ma in zo. Ya san ba za ni ba. Na taɓa yin 'yan kwanaki a gidansa, gidan bene, na wuni ina kallon titi ta taga kamar ragon layya da aka ɗaure. Ga gona, ga bisashe, ga majalisarmu ta bakin kasuwa. Ma'anar maganarsa ke nan ita ta tafi ni in zauna.

Tun da aka kawo mani ita tana yarinya ba mu taɓa doguwar rabuwa ba sai wankan haihuwar shi wannan yaron da ke zaune gabana. Amma wane Bagobiri ne zai dubi ɗansa ya ce ba ya iya zama ba uwarsa? Sai na ce ai matsalar ƙasan gidan ce, ko ba haka ba? Ya ce haka ne, don ya san halinta, in ta ga datti ko da sanda sai ta tashi. Na ce to ya bar mani ƙasa, ni za ni riƙe ta. Ya ɗago ya dube ni, na ga yana haɗiye dariya. Ya ce to, zai dawo in ta fara takawa sosai. In ya tarar ƙasa tsaf, a bushe, kuma ba hannunta a ciki, shi ke nan. In ba haka ba in yi haƙuri.

Na fara da bokiti da tsumma. Jama'a, mata suna aiki. Kafin in gama falo bayana ya riƙe, ruwan da za mu sha na ƙarar, ƙasa kuma ta yi sharkaf ta ƙi bushewa. Sai in tsaya bakin ƙofar ɗakinta da hannu a buɗe kamar ɗan sandan kan hanya, kada ta fito. Ita kuwa tana kan gado tana ba da umarni, wai na bar sawu, wai ba haka ake matse tsumma ba, wai ko akuya aka ɗaura wa tsumman a wutsiya za ta fi ni.

Labari ya kai majalisa, ban san ta ina ba. Abokina, tsohon direba ne, da shi muka yi ƙuruciya, ina isowa ya ce a matsa wa amarya ta zauna, ta gaji da aikin gida. Suka sha dariyarsu. Da suka gama ya ce shi ya ga wani abu a gidan surukinsa a Sakkwato, mofa ce ta goge ƙasa mai aiki da wuta, tururi take fitarwa, ruwa kaɗan take sha, kuma kafin ka juya wurin ya bushe. Na ce ya maimaita ta ruwa kaɗan ɗin. Ya maimaita. Na kira ɗana a waya, ya ce ya san ta, in ina so ya aiko. Na ce a'a, abin da za ni riƙe da hannuna ni za ni zaɓa.

Muka shiga mota daga tashar Isa ni da abokina. A shagon kayan wuta da muka je akwai su iri-iri a jingine. Abokina nan take ya kama mafi girma, mai tanki kamar tulu, ya ce wagga ita ce, mota ma babba ta fi daɗin tuƙi. Mai shagon ya tambaye ni wace wuta gare mu. Na ce ta gwamnati sai ta tuna da mu, janareta ƙarami muke tayarwa. Ya ce to babbar nan tana kamawa janaretan zai mutu. Ya ɗauko wata 'yar madaidaiciya, mara nauyi, da maɓallin rage tururi da ƙarawa, tsummanta ana cirewa a wanke a mayar. Na ɗaga ta da hannu ɗaya na ji ba za ta karya mani baya ba. Na tambayi abin da take sha, ya nuna mani wani ɗan kofi da bai kai moɗa ba. Na ce a ɗaure.

Yana ɗaurewa yana yi mani karatu. Kada a sa sabulu, kada a sa turare, kada a sa ruwan rijiya don kanwar da ke ciki za ta toshe mata maƙogwaro. A share ƙasa tukuna kafin a goge. Da na ce akwai ɗaki mai katako sai ya dakata. Ya ce katako ba ya son tururi. In fentin samansa lafiya lau yake, ba tsaga ko kaɗan, to a rage tururi ƙasa-ƙasa a wuce da sauri, kada a tsaya wuri ɗaya. In kuwa akwai tsaga, kada ma a kai ta ɗakin. Na ce to, to. A zuciyata ina cewa yaron da bai taɓa sare icce ba shi zai koya mani halin icce.

Ranar farko da na kunna ta, janareta ya yi wani nishi kamar zai ce a kai shi gida, sai ya daure. Mofa ta yi huci irin na macijiya kasa in an taka ta, har na ja da baya. Na tura, na jawo. Sawun ƙafata ya ɓace, na waiwaya na ga wurin ya bushe. Na taɓa da tafin hannu, ɗumi kawai. Na gama falo da baranda da ɗan kofin nan biyu. Matata ta dogaro sanda ta zo bakin ƙofa, ta goga sandar a ƙasa, ta goga ƙafa. Ta ce akwai saura a lungun can. A wurinta wannan yabo ne, na karɓa.

Haka muka yi ta tafiya lafiya. Mu muna shan ruwan rijiya da aka tace da ƙyalle, mofa tana shan ruwan leda. Abokina ya ce ko ɗiyana ban yi wa wannan gata ba.

Ɗakin katako kuwa tsintsiya kawai nake sa masa. Amma zafin shekarar nan ya busar da komai, har katakon ya tsuke. Tsakanin allo da allo ya buɗe, wasu wuraren ƙwayar dawa za ta shige. Ƙasa tana taruwa a ciki. Abin da ya fi damuna, ina ganin bakin sandarta yana ɗan saƙalewa in za ta wuce. Na zauna ina kallon tsagar nan, sai na tuna gatarina. Duk manomi ya sani, in ƙota ta bushe ƙarfe ya fara girgiɗi, ba a kai ta wurin maƙeri. Ruwa ake tsoma ta, ta kwana, icce ya sha ya kumbura ya kama ƙarfe gam. Na ce ashe ƙishirwa ke damun katakon ga, shi ma farin ya taɓa shi kamar kowa.

Na bari ta fita inuwar darbejiya shan iska. Na murɗa maɓallin nan har ƙarshe, na aza mofa a kan tsaga, na danne, na bar ta tana huci har ɗakin ya yi hazo. Na matsa gaba na sake. Tsaga-tsaga na bi, ban bar ko ɗaya ba.

Washegari tsaga ta rufe. Wallahi ta rufe, ko allura ba ta shiga. Na je majalisa na ce a tara yaran boko in ba su karatu. Da na dawo, don abin ya zauna da kyau, na ƙara masa. Kwana na uku ma na ƙara.

Ita ta fara cewa ƙofar ɗakin tana jan ƙasa. Na ce ƙofa ce ta tsufa. Sai katako ya fara kuka in an taka. Sai fentin ya yi fari-fari kamar mai makero. Wata safiya na shiga gaishe ta na yi tuntuɓe. Na duba, alluna sun ture juna sun tashi kamar tozon sa, bakinsu ya murɗe ya yi kaifi. Ba kuma a lungu ba, ba ƙarƙashin gado ba. Tsakanin gadonta da ƙofa, daidai inda take bi.

Ɗana ya riga ya ce yana nan tafe Juma'a ta sama.

Ba abin da ban yi ba. Na mirgino turmi na aza. Na jawo buhun geron bara na ɗora a kan turmin. Na buɗe tagogi, na kunna fanka. Na hau da kaina na yi ta tsalle, tana kallona daga gado, kallon nan ya fi zagi ciwo. Abokina ya zo ya ce a sa dutsen guga, na ce shawararsa ta ishe ni haka. Na kira wani kafinta na nan Isa. Ya durƙusa ya duba, ya tambayi wa ya zubar da ruwa. Na ce ba ruwa ba ne, tururi ne, na kuma yi masa bayanin gatari. Sai da ya zauna ƙasa don dariya. Ya ce ƙotar gatari tana da inda za ta kumbura, waɗannan kuwa bango ya tare su ta ko'ina, in ba sama ba ina za su? Ya ce sai sun bushe da kansu, abin da zai ɗauki makonni, kuma wasu sai an cire, irinsu ko sai Sakkwato.

Na shimfiɗa darduma a kai don kada a gani. Na tsaya na dubi dardumar, na ga ai tarko na haƙa na rufe. Na yaye. Na roƙe ta ta koma falo ta ƙi, ta ce tayil zai tayar mata da ciwon ƙafa, kuma ita ba baƙuwa ba ce da za ta kwana a falo.

Daga nan na bar majalisa, na bar gona, da ma ba abin dubawa a cikinta. Na kafa kujera a bakin ƙofarta. Da na ji gado ya motsa sai in zabura in je in tsaya a kan tozon nan, in miƙa mata hannu ta zagaye ni. Alwala, banɗaki, shan iska, duk haka. Ko masallaci na je hankalina na gida, liman yana karatu ni ina jin ƙarar sanda a kunnena. Ina ta lissafin ƙaryar da za ni yi wa yaron, ko in ce rufi ya yi yoyo, sai in tuna shekarar da ake ciki.

Ranar Alhamis da la'asar na zagaya baya in ba awaki dusa. Ina dawowa na hango ta ta riga ta miƙe. Sandar ta kama bakin allon, ta tafi luu. Ban san yadda na ƙetare falon ba. Na dai ji ta a ƙirjina, mu duka muka jingina da bango. Ba ta faɗi ba. Na zaunar da ita, na ɗauko mata sandar.

Na fita zaure na zauna. Nan na ga abin yadda yake. Ina ta wahala don kada a ɗauke ta, ga shi ni da hannuna na gina abin da zai kwantar da ita har ƙarshen rayuwarta. Gara tana Sakkwato tana takawa.

Ɗana ya iso bayan an sauko Juma'a. Ya ga falo yana sheƙi, ya shafa ƙasa, ya yi murmushi, ya fara sa mani albarkar da ni ya kamata in sa masa. Na ce ya dakata, ya biyo ni. Na nuna masa. Ya tsuguna ya danna allon da yatsa.

"Baba, mi ya sami katakon ga?"

"Ni na same shi."

Na faɗa masa komai, har gatarin. Na ga kafaɗarsa tana motsi, sai na faɗa masa na jiya, motsin ya tsaya.

"Ka tahi da ita," na ce. "Na gwada, ban iya ba."

Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana ido da ido tun da ta haife shi. Tana zaune bakin gado ta juya fuska wajen bango.

"Malam, ka tambayar mani yaron ga, ni buhun gero ce? Wancan ya ce za shi ɗauka, wanga ya ce a ɗauka. Wa ya tambaye ni?"



"Ka ce mashi ba inda za ni. Tudun ga na san inda yake. Matakalar gidansa ban san ta ba. Ya aiko masu gyara su cire abinsu, ni a sa mani tabarma biyu da katifa a falo har su gama."

Na buɗe baki in isar da saƙo kamar yadda aka umarce ni, ya ce ya ji. Can ya ce, "To, Inna." Ya juyo gare ni ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada mofar nan ta sake ƙetare ƙofar ɗakin. Na ce ko leƙe ba za ta yi ba.

A ranar muka kwashe ta zuwa falo. Da ya tafi, na rako shi na dawo, na same ta tana gyara filo. Ba ta dube ni ba.

"Tsohon banza. Da ka buɗe baki tun farko ka ce kada in tahi, da katakon yaron nan bai mutu ba."

Na ce ni fa ƙasa kawai nake gyarawa. Ta ce to.

Masu gyara suka zo daga Sakkwato, suka cire allunan da suka murɗe, suka bar wurin ya sha iska, suka sa sababbi. Sababbin sun ɗan fi sauran haske, har gobe in ka shiga ɗakin za ka ga iyakar aikina.

Yanzu shekaru sun wuce. Ta ajiye sanda, sai in za ta unguwa. Mofa ta farko ta mutu, ni na kashe ta, ranar da na ce bari in ɗan ɗanɗana mata ruwan rijiya ai ba za ta gane ba. Ta gane. Ta biyu tana nan, kuma har yau ni ke goge tayil ɗin gidan, majalisa ta gaji da tsokana ta bari, biyu daga cikinsu ma sun zo a ɓoye suna tambayata inda ake sayarwa. Duk wanda ya tambaye ni ina ce masa ya duba ƙarfin wutarsa kafin girman mofa, ya ba ta ruwa mai kyau, tayil kuma ya goge son ransa. Katako kuwa tsumma a matse, a durƙushe, haka nake yi wa nata.

In na tuna la'asar ɗin Alhamis ɗin nan har yanzu gabana yana faɗuwa. Abin da na sani na gona gaskiya ne, a gona. Na ɗauko shi na shigar da shi ɗakin da ba nasa ba, don kawai ina jin na girmi mai shago. Kuma na yi tafiya har Sakkwato, na yi tsalle a kan katako da tsufana, na yi gadin ƙofa kamar kare, duk don gudun magana guda da ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Maganar kuwa har yau ban faɗa mata ba. Ina dai shiri.